Yadda Za Ka Sauya Wa Mach3 Fuska Ba Tare Da Ka Karya Bakin Yanka Ba

Duk wanda ya taɓa zama gaban Mach3, manhajar kwamfuta da ke tuƙa injin yanka na CNC, ya san yadda fuskarta ta asali take, wato shafukan da maɓallan da take nunawa a allo: maɓallai birjik, fitilu kore da ja ko'ina, shafi bayan shafi. Ba laifin masu ita ba ne, sun zana ta ne don ta yi wa kowa aiki, daga mai yankan ƙarfe har mai sassaƙar katako. Amma kai da kake da injin rauta na CNC kana yankan katako ko roba, rabin abin da ke kan allon ba za ka taɓa shi ba har injin ya tsufa, abin da kuma kake buƙata sau ashirin a yini, kamar saita sifilin Z, wato tsayin da baki ke taɓa saman katako, sai ka yi ta lalube. Shi ya sa mutane ke ɗora mata sabuwar fuska.

Sai dai kafin ka sauke komai, ka riƙe wannan: sauya fuska ba sauya fenti ba ne. Bayan maɓallai da yawa akwai rubutaccen umarni da ke tuƙa injin, kuma wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin naka ba. Bai san tsawon teburinka ba, bai san kaurin farantin taɓin da kake saita Z da shi ba, bai san ko da milimita kake aiki ko da inci ba. Ɗora fuskar aikin minti goma ne. Sauran lokacin duk na gwada maɓallan ne ɗaya bayan ɗaya, kuma nan ne zan fi daɗewa.

Abin da ke cikin ƙunshin

Mach3 tana zama ne a C:\Mach3 in ba ka canza mata wuri ba. Fuskar da take zuwa da ita fayil ne mai suna 1024.set, an sa masa wannan suna saboda an zana shi don allo mai 1024 da 768. Sabuwar fuska, ko ta kyauta ce ko ta saye irin 2010 Screenset da masu katako suka daɗe suna amfani da ita, yawanci tana zuwa a dunƙule cikin zip. In ka kwance za ka tarar da abu uku. Na farko fayil mai ƙarewa da .set, shi ne tsarin shafukan da maɓallan. Na biyu foldar hotuna, domin yawancin maɓallan da kake gani a allo hotuna ne aka ɗora. Na uku ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .m1s, su ne ake kira makuro, wato umarnin da ke gudana idan an kira lamba mai farawa da M, kamar M6 ta canza baki. Wasu fuskokin kan haɗo da salon rubutu na .ttf, wasu da fayil na foldar Brains ko PlugIns. In akwai takardar bayani a ciki, karanta ta tukuna. Na san ba a son karatu, amma a nan ne mai fuskar ke faɗin irin Mach3 ɗin da ya gwada ta a kai da girman allon da take so.

Ajiye kwafi, sannan ka yi wa furofayil tagwaye

Rufe Mach3. Kwafe foldar C:\Mach3 ɗungurungum zuwa filash. A cikinta akwai fayil ɗin furofayil ɗinka, misali Mach3Mill.xml, inda duk wahalar da ka sha take: yawan taku a kowace milimita, gudun motoci, lambobin fil, iyakokin tebur. Akwai kuma fayil ɗin lasisi, Mach1Lic.dat, wanda in babu shi manhajar za ta koma ta gwaji ta riƙa tsayawa bayan layi 500 na fayil ɗin aiki.

Daga nan buɗe Mach3 Loader, ka danna Create Profile, ka zaɓi furofayil ɗin da kake aiki da shi a matsayin wanda za a kwaikwaya, ka ba sabon suna gajere marar tazara, a ce RautaSabo. A kan wannan sabon za ka yi duk gwaje-gwajenka. Dalilin shi ne kowane furofayil yana tuna fuskar da aka ɗora masa kuma yana da tasa foldar makuro. Idan abu ya rikice ana tsakiyar aikin mutane, ka rufe sabon ka buɗe tsohon, aiki ya ci gaba. Mutane da yawa kan tsallake wannan mataki, su kwafa sabbin makuro a kan tsofaffi, sai an zo komawa baya a tarar babu wurin komawa. Garin gyaran gira ke nan.

Kowane fayil da gidansa

Fayil ɗin .set ya shiga C:\Mach3 kai tsaye, kusa da 1024.set. Foldar hotuna ta shiga C:\Mach3\Bitmaps da sunanta yadda ta zo, kada ka canza ko harafi ɗaya, domin fuskar tana neman hotunanta ne da wannan sunan. A nan akwai tarkon da ya fi kama mutane: wani lokaci in ka kwance zip sai folda ta fito cikin wata folda mai suna iri ɗaya. Ka buɗe ka duba; ya kamata da ka shiga foldar ka ga hotunan, ba wata foldar ba. Alamar an yi wannan kuskure ita ce fuska ta buɗe fayau, lambobi na nan amma maɓallai babu hoto.

Makuro kuma gidansu C:\Mach3\macros ne, cikin foldar da ke ɗauke da sunan furofayil ɗinka, wato RautaSabo a misalinmu. In ba ka ga foldar ba, ƙirƙire ta da sunan daidai, ka kwafo abin da ke cikin ta tsohon furofayil, sannan ka zuba sabbin a kai. Idan ka zuba su a Mach3Mill alhali da RautaSabo kake buɗewa, fuska za ta fito tsaf amma ka danna maɓalli shiru, ko kuma tsohon umarni ya gudana. Idan Windows ta tambaye ka ko a maye gurbin M6Start.m1s da M6End.m1s, ka amsa da e, amma ka lura da su, za mu dawo kansu. Salon rubutu in akwai, danna shi sau biyu ka girka.

Yanzu buɗe Mach3 da sabon furofayil, je View, ka zaɓi Load Screens, ka nuna fayil ɗin .set. Fuskar za ta sauya nan take. Rufe manhajar ta hanyar da ta dace ka sake buɗewa, don zaɓin ya zauna.

Idan hotuna sun miƙe sun yi dishi-dishi, ko rubutu ya fita daga akwatinsa, shiga Config, General Config, ka duba Auto Screen Enlarge. Shi ke jan fuska ta cika allo. Wasu fuskokin suna son a kunna shi, wasu an zana su daidai girman allo ɗaya ne kuma jan yana ɓata su. Gwada duka biyun, kana sake buɗe manhajar bayan kowane canji. Ka kuma tabbata girman rubutun Windows yana kan kashi 100.

Cika akwatunan saiti

Kusan kowace fuska ta masu rauta tana da shafin saiti mai akwatunan lamba: kaurin faranti, gudun saukowa lokacin laluben faranti, nisan da za a sauko kafin a haƙura, tsayin da za a ɗaga bayan an taɓa, wurin canza baki, wurin ajiye kan injin idan an gama. Kada ka yarda da lamba ko ɗaya da ka tarar a ciki.

Babbar matsalar ita ce awo. Fuskoki da dama an rubuta su ne a Amurka inda ake aiki da inci. In ka tarar da gudun lalube 4 da ɗagawa 1, na inci ne. A injin milimita za ka ga baki na rarrafe kamar ba zai iso ba. Wannan ɓata lokaci ne kawai. Akasin haka ne mai haɗari: lambobin milimita a injin inci, inda ɗagawa 25 ke nufin inci 25, sai kan injin ya haura ya daki ƙarshen layinsa. Duba awon injinka a Config, Select Native Units, duba kawai, kada ka canza, domin a kansa aka daidaita motocinka.

Kaurin faranti kuwa auna shi da kalifa, a wuri uku ko huɗu. Abin da aka sayar maka a matsayin milimita 10 yana iya zama 9.85, kuma wannan ɗan bambancin zai bayyana a zurfin kowane rubutu da ka sassaƙa. Wani ƙaramin abu mai cin rai: a Mach3 idan ka rubuta lamba a akwati dole ka danna Enter. In ka rubuta ka danna wani wuri, tsohuwar lamba ce za ta dawo, kai kuma ba ka lura ba. Bayan ka cika duka, rufe ka buɗe ka ga ko sun zauna. In sun goge, duba Persistent DROs a General Config.

Faranti: nan ake karya baki

Farantin taɓi ɗan ƙarfe ne, galibi na alminiyam, mai waya ɗaya zuwa allon sarrafa injin, da kilif da ake maƙala wa bakin yanka. Da baki ya taɓa faranti layin wuta ya haɗu, manhaja ta san inda bakin yake. A Config, Ports and Pins, Input Signals, nemo layin Probe ka kunna shi, ka sa lambar fil ɗin da ka jona wayar. In tsohuwar tashar firinta kake amfani da ita, fil ɗin shigarwa biyar ne kacal: 10, 11, 12, 13 da 15. Yawancin haɗi yana buƙatar a yi wa Active Low alama.

Gwajin farko ba ya buƙatar motsi. Taɓa kilif da faranti da hannu kana kallon fitilar Digitize a shafin Diagnostics, ko fitilar da sabuwar fuskar ta tanada. Ta kama idan sun haɗu, ta mutu idan ka raba. In tana kunne kullum tana mutuwa lokacin taɓi, juya Active Low.

Kafin gwaji na biyu, karanta abin da maɓallin zai yi. Je Operator, Edit Button Script. Maɓallan da ke da rubutaccen umarni za su fara ƙyaftawa, ka danna na sifilin Z. Ko ba ka iya rubuta manhaja ba za ka gane ƙashin bayansa. Akwai layi mai G31, shi ne umarnin "sauko har ka taɓa", da nisa bayan harafin Z da gudu bayan harafin F. Akwai While IsMoving, mai sa a jira motsi ya ƙare. Sau da yawa akwai GetVar da lamba 2002, inda Mach3 ke ajiye ainihin wurin da Z ya taɓa. Nemi kuma inda ake duba fitila mai lamba 825 kafin a fara. Wannan shi ke hana saukowa idan faranti ya riga ya haɗu. In ka ga lambobi a rubuce cikin umarnin maimakon a ɗauko su daga akwatin saiti, to a nan za ka gyara su. Rufe ba tare da adanawa ba in ba ka canza komai ba.

Gwaji na biyu a iska ake yi. Cire baki gaba ɗaya, ɗaga Z sama sosai, riƙe kilif a hannu ɗaya faranti a ɗaya, wani ko gwiwarka na kusa da jan maɓallin gaggawa. Danna maɓallin. Kan injin ya sauko kamar santimita ɗaya, sai ka haɗa su. Ya kamata ya tsaya cak, ya ɗaga, lambar Z ta zama kaurin faranti da tsayin ɗagawa a haɗe. Yi sau biyar. Idan bayan taɓi ya ci gaba da sauka, ko ya zabura zuwa wani wuri da ba ka gane ba, tsaya nan. Wasu allunan USB masu arha ba sa cika 2002 yadda ya kamata, sai umarnin ya karanto lambar banza ya bi ta. Maganinsa a gyara umarnin ya karanta akwatin Z kai tsaye, ko a nemi wanda aka rubuta don wannan allon. Allunan da aka sani irin SmoothStepper da UC100 suna da nasu ƙarin manhaja, ka tabbata wadda ka girka ta dace da Mach3 ɗinka.

Sai gwaji na uku, da tsohon baki wanda ba ka jin asararsa, faranti a kan guntun soso ko kumfa don in abu ya ƙi akwai inda zai lotsa. Gudun milimita 100 a minti ya isa. Fuskoki masu kyau kan taɓa sau biyu, na farko da ɗan sauri, na biyu a hankali don daidaito.

Ni duk na bi waɗannan matakai, amma a mako na biyu na karya bakin V sabo fil. Ba fuska ce ta yi laifi ba. Na ajiye faranti, na danna maɓalli, kilif kuwa yana can rataye a gefen tebur. Ina kallo bakin ya sauka, ya taɓa, ya ci gaba da nutsewa, sai "ƙas", tsinin ya tafi, ya bar mini ɗan rami a faranti wanda har yau nake kauce masa. Tun ranar na ɗauki ɗabi'a ɗaya: kafin in danna, sai na ɗaga faranti na taɓa shi da bakin, na ga fitila ta kama. Daƙiƙa biyu ce. Kuma ka maƙala kilif a jikin bakin ko goron da ke riƙe shi, ba a jikin mota ba, domin wasu motocin boris ɗinsu na tangaran ne, wuta ba ta ratsawa. In an gama, cire kilif kafin ka kunna mota.

Canza baki a tsakiyar aiki

Wannan ne abin da ke sa kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Aikin da ke buƙatar baki uku, a da sai ka raba shi fayil uku, kana sake saita Z kowane karo, wani lokaci ma saman katakon da za ka auna a kai an riga an yanke shi. Fuskoki masu faranti biyu sun warware wannan. Ɗaya mai yawo ne da kake ɗorawa kan katako, ɗaya kuma a kafe yake a kusurwar tebur.

Ga yadda lissafin yake. Da bakin farko, injin ya taɓa mai yawo ya sami sifilin katako. Nan take ya wuce ya taɓa kafaffen, ya ga a ce Z na nuna -14.20, ya ajiye wannan lamba. Da ka sa baki na biyu, ko ya fi na farko tsawo ko gajarta, injin ya je ya taɓa kafaffen ya ce wa kansa "nan ne -14.20". Shi ke nan, sifili ya koma inda yake ba tare da an sake taɓa katako ba.

Amma da sharaɗi. Wurin kafaffen faranti ana rubuta shi ne da lissafin injin, wanda G53 ke amfani da shi, ba lissafin aiki na G54 da ke canzawa da kowane katako ba. Lissafin injin kuwa ba shi da ma'ana sai injin yana da makunnan gida, wato waɗanda ke nuna masa inda kowane layi ya fara, kuma ka danna Ref All Home duk lokacin da ka kunna. In ba ka da su, ka haƙura da wannan ɓangaren har ka saka. In ba haka ba injin zai tafi neman faranti inda babu faranti. Don samun lambobin, mayar da injin gida, tuƙa shi har baki ya tsaya daidai tsakiyar farantin, kunna Machine Coords, ka kwafe X da Y zuwa akwatunan saiti. Haka za ka yi wa wurin canza baki. Zaɓi inda hannunka da sifana za su kai ba tare da ka kwanta kan tebur ba.

Sannan a General Config akwai zaɓi uku na canza baki. Ignore Tool Change yana sa a yi biris da M6. Stop Spindle, Wait for Cycle Start yana gudanar da M6Start, ya jira ka canza ka danna Cycle Start, sannan ya gudanar da M6End. Na ukun na injinan da ke canza baki da kansu ne. Na tsakiyar yawancin fuskokin nan ke so, amma bi abin da takardar taka ta ce. Manhajar zanenka ma dole ta fitar da T, wato lambar baki, da M6 cikin fayil. A manhajojin Vectric, misali, zaɓin da ke da ATC a sunansa shi ke yin haka. Gwada duka zagayen da ɗan fayil mai murabba'i biyu da baki biyu, sifili a sama da katako da kamar santimita biyar, kana kallon ko Z na ɗagawa kafin X da Y su motsa. In ka ga ya fara tafiya gefe kafin ya ɗaga, duba Safe Z, wato tsayin da baki ke ɗagawa kafin ya tafi gefe, don wata rana matsi ne zai tare masa hanya.

Makon farko

Hannunka ya saba da tsohuwar fuska, zai riƙa zuwa inda maɓalli yake a da. Kafin aikin gaske, nemo Feed Hold, Stop da Reset har ka iya kai musu ba ka duba ba. Gwada gajerun hanyoyin kibod: a fuskar asali Alt da R na fara aiki, dogon maɓallin tazara na dakatarwa, Alt da S na tsayarwa, Tab na fito da shafin tuƙi. Waɗannan a jikin fuska suke, don haka sabuwa tana iya canza su ko ta zubar. Haka kuma kibiyoyin tuƙi ba sa aiki sai a shafin da ke da maɓallin Jog. In ka shiga wani shafi suka yi shiru, ba lalacewa ba ce. Feed Hold ba ya tsayar da injin nan take, sai ya ɗan gangara. Na gaggawa kuwa ya zama na gaske mai waya, ba hoton da ke kan allo ba.

In kana da rimot na hannu, ka sake gwada kowane maɓallinsa. Akwatunan da masu fuska ke ƙirƙira suna da lambobi daga 1000 zuwa sama, kuma yakan faru fuska da rimot su yi karo a lamba ɗaya, sai ka ga kaurin faranti ya canza da kansa.

Bayan ka saba za ka so ka matsar da wani maɓalli ko ka ƙara girman lambobin X, Y da Z don ka hango su daga ƙarshen tebur. MachScreen da Screen4 na buɗe fayil ɗin .set su bar ka ka ja abubuwa da linzami. Yi aiki a kan kwafi mai sabon suna, canji ɗaya a lokaci guda, ka ɗora ka gwada.

Masu wasu manhajojin hanyarsu ta fi sauƙi. Mach4 tana da editan fuska a cikinta ƙarƙashin Operator, amma umarninta da Lua ake rubutawa, don haka fuska da makuron Mach3 ba sa aiki a kanta. A LinuxCNC layi ɗaya ne cikin fayil ɗin INI, inda aka rubuta DISPLAY, ake canzawa daga axis zuwa gmoccapy ko qtvcp qtdragon, tare da ƙarin saitin da kowacce ke nema. A aikace ya fi sauƙi ka buɗe samfurin da ya zo da ita ka kwafo saitin injinka a ciki. Gwajin faranti da na canza baki dai iri ɗaya ne a ko'ina.

Idan ka shafe mako biyu kana aiki da RautaSabo ba matsala, gyara alamar da ke kan allon kwamfuta ta riƙa buɗe shi kai tsaye: a kadarorinta, bayan Mach3.exe ka rubuta /p sannan sunan furofayil. Sake kwafe foldar Mach3 zuwa filash, wannan karon da kwanan wata a sunanta, tsohon kwafin kuma ka bar shi inda yake.